Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiya Kan Ruwan Sha a Ƙauyukanmu

Assalamu alaikum. Iyayenmu hakimi da dagatai, malamai, da sauran 'yan uwa mambobi, ga bayanin abin da kwamiti ya yi da amanar da kuka ɗora masa a bana.

Kaso mafi tsoka na kuɗin karo-karo gyara ya ci, ba haƙa sabuwar rijiya ba, kuma mun san wasu sun yi ƙorafi. Ga dalilinmu. Da muka zaga unguwanni bayan girbi, mun tarar yawancin famfunan tuka-tuka da aka yi watsi da su, rijiyarsu lafiya lau, ruwa na nan. Abin da ya mutu ƙarami ne: robar silinda ta cinye, ko sarƙa ta tsinke, ko tsatsa ta huda bututu. Samfurin India Mark II mai bututun ƙarfe shi ya fi wannan ciwo. Ruwan ya yi ja, ya ɓata tuwo da wanki, sai mata su koma kududdufi ba tare da sun faɗa wa kowa ba. Kuɗin burtsatse guda ya tayar da famfuna da dama, kuma mun sa matasanmu sun tsaya kusa da mai gyara har hannunsu ya faɗa.

Burtsatsen kasuwa kuwa, tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 janaretansa ya zama kayan kallo. Bana mun mayar da shi sola. Tanki na cika kafin azahar, 'yan ga-ruwa sun rage kuɗin jarka. Saura batun gadi, domin ɓarayin farantin sola ba sa barci.

Kafin damina mun yashe rijiyoyin guga, muka ɗaga bakinsu da siminti, aka yi musu murfi, jami'an lafiya suka zuba sinadarin kulorin. Ba wanda ya manta amai da gudawa na 2021, da ya kashe mutum fiye da 3,000 a faɗin Nijeriya. A 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko da ta daina bahaya a fili, abin alfahari ne, amma masai da aka haƙa dab da rijiya yana mayar da hannun agogo baya. Mun roƙi masu unguwanni kada a sake haƙa masai sai da tazarar aƙalla mita 30. Dattawan da suka sha fama da kurkunu kafin a tabbatar da ƙarewarta a ƙasar nan a 2013, su suka fi kowa mara mana baya.

Inda muka gaza shi ne asusun gyara. Unguwannin da mata ke riƙe da shi kuɗi na shiga, sauran kuwa sai an bi gida-gida.

Baɗi za mu kai wa hukumar samar da ruwan sha da tsaftar muhalli a karkara (RUWASSA) takardar neman burtsatse ga rugagen da har yanzu suke shan ruwa ɗaya da shanunsu. Ma'aji zai karanta lissafin shiga da fita a taro mai zuwa. Duk mai bashin karo-karo ya biya kafin ranar.

Wassalam.
Sakataren Ƙungiya