Firam ɗin katako bai fi ƙarfin hannunmu ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda zane-zanen matasanmu da zayyanar mahaddatanmu ke lalacewa saboda rashin firam. Sau da yawa za ka ga an manna takarda a bango da ƙusa, ƙura ta dusashe ta, damina ta jiƙa ta, alhali wanda ya yi ta ya ɓata makonni a kanta. Abin ya fi yi mini ciwo a nan Zariya, garin da ɗaliban zane suka kafa ƙungiyarsu mai tarihi a 1958, kuma har yau ake koyar da fannin a Jami'ar Ahmadu Bello.

Mutane na ɗauka sai da inji ake haɗa firam, amma zarto mai ƙananan haƙora, da guduma, da sukwaya (ma'aunin kusurwa), da gam, da ƙananan ƙusoshi, da igiya sun wadatar. Aikin yana farawa ne tun daga 'yan katako, domin wanda ya sayi ɗanyen katako ya riga ya yi asara: da zarar hunturu ya shigo itacen zai bushe ya tsuke, kusurwoyin su buɗe baki. Busasshen maɗaci ya fi kwanta mini a rai, saboda yana karɓar zarto, kuma jan launinsa ba ya buƙatar fenti.

Inda gizo ke saƙa shi ne yankan kusurwa. Kowane baki na sandunan firam ɗin huɗu dole ya tashi a kan digiri 45 cif, kuma sandunan da ke fuskantar juna su zama tsawonsu ɗaya, don kuwa kuskuren da bai kai kaurin ashana ba, idan ya maimaitu a yanka 8, sai ya bayyana ɓaro-ɓaro a kusurwar ƙarshe. Shi ya sa nake haɗa ɗan akwatin katako mai tsaga wanda zarto ke bi, in kuma yanke sanduna biyu a tare. Bayan an shafa gam, sai a zagaye firam ɗin da igiya a murɗa ta da tsinke har ta ɗaure, sannan a auna daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangarorin biyu; idan awon ya zo daidai, firam ya miƙe. Sai gam ya kwana ake buga ƙusa.

A bayan firam ɗin ana barin gurbin da zanen zai zauna, da rarar milimita 2 ko 3. Zanen fentin mai a kan ƙyalle yawanci ba ya buƙatar gilashi, amma zayyanar tawada tana buƙata, kuma kada gilashin ya taɓa takardar, domin raɓa na iya manna su.

Ina kira ga makarantun koyon sana'a da shugabannin kafintoci da su sa wannan aiki cikin darussan farko na yara masu koyo, tunda guntayen katakon da ake zubarwa a shago ma sun isa a fara da su.

Naka,
Wani mai karatu daga Zariya