Amsa ga Malam: me za a rasa idan Yandang ta ɓace?

Assalamu alaikum Malam,

A shirin rediyon da ka gayyace ni makon jiya, lokaci na gab da ƙarewa ka jefo mini tambaya. Ka ce tun da Hausa ta haɗa kowa daga Numan har Jalingo, me ya sa nake kukan ƙananan yaruka irin su Yandang, in sun ɓace me za a rasa? Minti guda bai ishe ni ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Sunan Yandang ya wuce harshe ɗaya. Masana sun sa shi a kan dangi guda: Yandang ɗin kanta, da Waka, Yoti, Teme, Kumba, Gengle, Kugama, Kpasham da Bali. Wannan Balin daban take da ƙaramar hukumar Bali ta Taraba, gari ne a kan hanyar Numan zuwa Jalingo. Masu harsunan suna zaune a yankunan Mayo Belwa, Numan, Demsa, Lau da Karim Lamido, wato tsohuwar jihar Gongola da aka raba ta zama Adamawa da Taraba a 1991. 'Yan'uwansu na kusa su ne Mumuye na Zing da Yorro, tun 1963 masanin harsuna Joseph Greenberg ya sa su rukuni ɗaya. Ba su haɗa asali da Hausa ba ko kaɗan, babban gidansu ɗaya ne da Fulatanci da Yarabanci. Kuma alkaluman shekarun 1990 zuwa 2000 sun nuna masu jin Teme, ko Waka, ko Kumba, kowannensu bai haura mutum dubu biyar ba. Unguwa ɗaya a Kano ta ninka wannan.

Na yi shekaru ina koyarwa a wata firamare a yankin Mayo Belwa. A gidan da na sauka akwai wata tsohuwa, kullum da yamma tana bakin ɗaki tana ɓarar gyaɗa. Takan kira jikanta da Yandang, shi kuwa daga can ya amsa, "Na'am Kaka, ina zuwa." Tana yi masa magana da harshenta, yana mayar mata da Hausa. Yana ji, amma bakinsa ya ƙi. Wani dare ta fara ba shi tatsuniya, ta kai wurin waƙar da ke ciki, ta dakata domin ya karɓa mata amshi. Yaron ya yi shiru. Ta jira, ta sake rerawa, ya sunkuyar da kai. Sai ta ƙarasa labarin da guntuwar Hausarta, babu waƙar. Wannan yaro yanzu magidanci ne, kuma abin da bakinsa bai iya ba, ba zai sa a bakin 'ya'yansa ba.

Ina da hannu a ciki, Malam. Da bakina na sha cewa yara, "Ba a yare a aji." Ban taɓa kiran Hausa yare ba, tamu harshe ce, tasu ce yare. Yaro ɗan shekara bakwai yana gane wannan bambanci sarai, ya tafi gida yana jin kunyar maganar uwarsa. Har yau abin yana damuna.

Ka ce me za a rasa. Sunan kowane dutse da rafi da kakanni suka sa, wanda da shi dattawa ke tuna iyakar gona. Jerin zuri'a, da wanda ya halatta a aura da wanda bai halatta ba. Waƙoƙin biki da na makoki. Kaɗan ne daga cikin wannan aka rubuta. C.K. Meek, jami'in Turawan mulki, ya tattara jerin kalmomin wasu daga harsunan ya buga a 1931, kuma har yanzu masu bincike na komawa gare shi. Jerin kalmomi kuwa ba ya rera wa jika waƙa.

Ban ce a bar Hausa ba. Da ita nake rubuta maka, da ita ake ciniki a kasuwar Mayo Belwa. Mutanen yankin sun daɗe suna haɗa harshensu da Fulatanci da Hausa a baki ɗaya, babu wanda ya ture wani. Mu da muke tayar da jijiyar wuya in ɗanmu ya iya Turanci ya kasa gaida kakarsa da Hausa, ya kamata mu fi kowa gane zafin da tsohuwar nan ta ji.

A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da yara da harshen uwa a firamare, a 2025 aka janye, kafin littafi ko malami ya isa irin waɗannan ƙauyuka. Don haka roƙona gare ka ne. Shirinka ana jin sa a yankin. Ka ware minti goma sha biyar a mako, a ɗauko muryar dattawan Kpasham, Bali da Yandang suna ba da labari da harshensu, a fassara da Hausa bayan sun gama. In ka amince, ni zan raka mai ɗaukar sautin, na san hanya.

Naka,
tsohon malamin firamare