Abba, wata magana ta iso ni

Assalamu alaikum. Muna nan lafiya, ƙafar Ummarka ma ta yi sauƙi. Na zaɓi in rubuto ne domin duk sanda na kira sai ka ce kana aji.

Ranar Juma'a da aka sauko daga masallaci Kawunka ya ja ni gefe. Wai yaran unguwa suna turo maka lambar JAMB ɗinsu haɗe da kuɗi, kai kuma kana ce musu kana da mutum a ciki da zai sa su a lis ɗin waɗanda jami'a ta ɗauka. Ban gaya wa Ummarka ba. Tun ranar barcina rabi da rabi ne.

Har ka manta? Shekarar farko 187 ka ci cikin 400, ni kuma na kafe sai likitanci. Na yarda laifina ne, amma wane uba ne ba ya so a kira ɗansa likita? A ta biyu makin ya tashi, sai lissafi ya riƙe ka, dole ka sake NECO don kiredit biyar ɗin su cika. A nan mutumin nan mai farar mota ya shigo mana. Bijimin noma na sayar, Abba, ana gab da damina. Ya kawo takarda har da tambari, Gwaggo ta rangaɗa guɗa, aka dafa shinkafa. Da ka buɗe CAPS, shafin JAMB da ake duba gurbin shiga jami'a, wayam. Ni a lokacin ina na san tun 2017 duk gurbin da bai bi ta nan ba iska ne? Ko da ka zauna ka gama, in babu sunanka a rajistar JAMB, hidimar ƙasa ma sai ta gagare ka. Na tuna kwana uku ba ka fito daga ɗaki ba.

A ta uku ka sauya kwas, ka rubuta jarrabawar tantancewa, sunanka ya fito ba mu ba kowa ko sisi ba. Kai da bakinka ka koya mini yadda jami'o'in tarayya suke rabon: kashi 45 na cancanta, 35 na jihohin yankin jami'ar, 20 na jihohin da aka bari a baya a boko. To nuna mini kason "ina da mutum" a ciki.

Ba korar da za a yi maka ce ta fi damuna ba, ko da yake ita ma tana nan. Tsorona a wayi gari wani uban ya kai bijiminsa kara saboda maganar ɗana, ya ɗaga hannu da asuba ya kira sunanka kamar yadda na daɗe ina kiran na wancan. Da in ga haka gara ka dawo mu riƙe garma. Ban haife ka don ka zama ɗan damfara ba!

Wataƙila ƙarya ake yi maka, mutane ba a iya musu. In kuwa gaskiya ne, rubuto mini sunan kowa da abin da ka karɓa. Abin da ka kashe zan cika, mu mayar cikin rufin asiri. In kuɗin hannu ne ba sa isa, ai da ni za ka yi magana.

Ummarka ta ba direba yaji da ƙuli-ƙuli, ka je tasha ran Talata. Ka kira ni bayan isha'i, zan fita ƙofar gida in ɗauka.

Mahaifinka