Katin netwok na hannu: kama da wane ba ta wane

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku in yi magana da 'yan'uwana masu harkar kwamfuta, na nan Saudiyya da na gida, a kan wani ƙaramin abu da ya hana ni barci dare biyu a watan jiya. A Jidda nake zaune, shekara 11 ke nan ina kula da kwamfutoci da netwok na wani ofishin jigilar kaya. Duk lokacin Umra ko aikin Hajji ba na rasa saƙo daga Kano ko Kaduna: "Kawu, don Allah a duba mana katin netwok mai saurin gigabit 10 na hannu, a ba wa alhazai su taho da shi." Na gaji da maimaita bayani ɗaya a waya, shi ne na ce bari in rubuta kowa ya gani.

Wanda ya taɓa zaga shagunan kwamfuta na titin Khalid bin Walid, ko ya kutsa Harajin Sawarik da ke kudancin gari, ya san yadda ake baje katunan netwok, wato allunan da ke haɗa kwamfuta da netwok, da aka ciro daga tsofaffin sabobi, manyan kwamfutocin nan da ke yi wa sauran hidima. Mai shago zai ɗaga maka biyu, ɗaya da sunan Intel, ɗaya da takardar wani kamfanin saba manne a bayansa, ya ce maka "kullu wahid", wato duk ɗaya ne, sannan ya yi maka ragi a kan na biyun. Rabin maganar tasa gaskiya ce, shi ya sa take cin mutane.

Kamfanoni irin su Dell da HP da Lenovo ba su ke ƙera cif ɗin da ke tsakiyar katin ba. Saye suke yi daga Intel ko Broadcom ko Mellanox, wanda Nvidia ta saye a 2020, su sa nasu suna. Katin HP mai lamba 560SFP+ cif ɗin Intel 82599 ne a cikinsa, wanda ya fito tun 2009, shi ne kuma ke cikin katin Intel X520. Mai lamba 562SFP+ kuwa cif ɗin Intel X710 ne a cikinsa. Direba, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta yi aiki da kati, cif yake nema, ba takardar da aka manna ba. A Linux, direban ixgbe zai ɗauki na farko, i40e ya ɗauki na biyu, a Windows ma galibi direban Intel yana hawa. Ka soka kati, fitila ta kama, intanet ya zo. A nan mai shago yake tsayawa da bayani, a nan ni ma na tsaya da tunani.

Na sayi X710 guda biyu don haɗa sabar ajiyarmu da wata kwamfuta da na harhaɗa da kaina. Ragin riyal 50 aka yi mini a kan ɗayan, na yi ta murna har gida. Duka biyun suka tashi lafiya. Bayan na sabunta Linux ɗin, sai direba ya fara ƙorafi duk lokacin da aka kunna, wai manhajar da ke zaune cikin katin, wadda muke kira famwaya, ta tsufa fiye da yadda yake tsammani, a sabunta ta. Katin X710 haka yake, aiki mai yawa famwaya ke yi, don haka ana so ita da direba su yi tafiya kusa da juna. Na sauke manhajar sabuntawa ta Intel bayan sallar isha'i. Kati na farko ya karɓa cikin 'yan mintuna. Na biyu kuwa manhajar ta gan shi sarai, ta jero sunansa, ta ce babu sabuntawa dominsa. Na sake saukewa, na canja ramin da aka soka katin, na goge haƙoran katin, har na zargi wayar wuta. Ina nan zaune gaban allo da kofin shayin da ya huce har aka kira assalatu.

Laifina ne, don abin da nake nema yana rubuce tun farko, ban duba ba. Kowane kati yana da lambobin shaida da yake gaya wa kwamfuta. Akwai ta wanda ya ƙera cif, akwai kuma ta wanda ya sa sunansa a katin. Ta Intel 8086 ce, ta Dell 1028, ta HP 103c, ta Mellanox 15b3. Idan ka buga umarnin lspci -vnn a Linux za ka ga duka biyun. A katina na farko 8086 ce sama da ƙasa. A na biyu, ta saman 8086, ta ƙasan ta wani ce daban. Manhajar Intel katunanta kawai take taɓawa, sauran ta bar wa masu su, don kowane kamfani yana da nasa saitin a ciki, yana kuma fitar da tasa famwayar a lokacin da ya ga dama, ta tasa hanyar. Masu Dell sun san hanyar sabuntawa ta iDRAC, masu HP sun san kunshin sabuntawa na SPP. Ni da ba ni da saba irin ta masu katin, sai da na je wurin wani abokina ɗan Zinder da ke aiki a Makka, muka soka katin a tasu ranar Asabar, aka gama cikin rubu'in awa. Kuɗin motar zuwa da dawowa ya cinye ragin da aka yi mini har da ƙari.

Akwai kuma maganar ɗan ƙarfen nan da ake sokawa a bakin kati kafin a sa wayar fayiba, wato SFP. Shi ma yana ɗauke da sunan wanda ya yi shi, kati yana karantawa, yana iya cewa bai yarda ba. A X520 da sauƙi, don direban Linux yana da zaɓin allow_unsupported_sfp da ke buɗe ƙofa. A X710 famwaya ce mai gadin, kuma abin da ta wannan kamfani ta karɓa ta wancan na iya ƙi. Idan tazarar ba ta wuce 'yan mitoci ba, ni wayar tagulla ta DAC nake sa wa in huta, ba kasafai ake rigima da ita ba.

Yaranmu da suka saba da filashin waya a Farm Centre za su ce ai sai a yi wa katin filashin da famwayar asali a wuce wurin. Ana yi, ba zan ɓoye ba. A katunan Mellanox akwai wata lamba da ake kira PSID, ta asali tana farawa da MT, manhajar ƙona famwaya kuma tana ƙin aiki idan lambar ba ta dace ba, sai ka tilasta mata da kanka. Mutane da yawa sun yi sun ci nasara. Amma ba ko yaushe allon katin kamfani yake zama daidai da na asali ba, kuma idan wuta ta ɗauke ana tsakar aikin, ko ka ɗauko fayil ɗin wani kati mai kama da shi, garin neman gira ka rasa ido. Wanda zai gwada a kan katinsa na wasa, ya fara ajiye kwafin tsohuwar famwayar, ya rubuta lambar MAC, wato adireshin katin a netwok, a takarda. A injin mai gida ko na kwastoma kuwa, ban ba kowa shawara ba, balle a gida inda ba a san lokacin da za a ɗauke wuta ba.

Kada a ɗauka kushe katin mai tambarin kamfani nake yi. Idan sabarka ta wannan kamfanin ce, shi ya fi maka. Saba tana gane nata, tana iya karanta zafinsa. Ka sa wa sabar Dell R730 katin da ba ta sani ba, ka ji yadda fankoki za su tashi kamar jirgi zai bar filin Sarki Abdul'aziz, don tunda ba ta san zafinsa ba sai ta yi ta busa iska don kariya. Wani abin kuma, jabun katunan Intel, musamman I350 mai baki huɗu, sun cika kasuwa a matsayin sababbi fil a leda. Tsohon katin da aka ciro daga saba da takardar kamfani a jikinsa ya fi kwanta mini a rai fiye da "sabo" mai arhar da ta wuce hankali.

A kula da siffa ma. Akwai waɗanda Dell ke kira rNDC, HP kuma FlexibleLOM. A hoto kamar kati ne, amma ba sa shiga ramin PCIe na kowa da kowa, inda aka saba soka kati a kwamfuta, sai gurbin da aka yi dominsu. Na san wanda ya kai irinsa har Kano kafin ya gane. Sannan duk waɗannan katunan an yi su ne don iskar cikin saba. Wanda zai sa su a kwamfutar tebur a zafin Jidda ko na watan Afrilu a Sakkwato, ya ɗaura musu 'yar fanka.

Yanzu idan ɗan yayata ya aiko da saƙo, tambayata ta farko ita ce a wane inji za a sa, kuma wane irin suwic, wato akwatin da wayoyin netwok ke haɗuwa, ne a ɗaya bakin. A shago kuma ina juya katin in karanta lambar da ke bayansa, in roƙi mai shago ya soka shi a inji, in buga umarnin ethtool -i in ga famwayar da ke kai kafin in zaro kuɗi. Wasu suna tsaki, wasu suna kawo kujera. Katuna uku na ba wa wata hajiya ta unguwarsu da za ta koma jibi, kowanne na manna masa farin tef na rubuta sunan kamfaninsa da lambar famwayarsa da biro, na kuma roƙe ta kada ta sa su a jaka ɗaya da dabino.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarku albarka.

Naku,
mai karatunku daga Jidda, Saudiyya