A fitar wa ruwa hanya kafin a yanka fili a Maraɗi

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ka ba ni ɗan wuri a jaridarku in faɗi abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni magini ne, na fi shekara talatin ina riƙe da cokalin gini a garin nan. Na fara da kwaɓa ƙasa a unguwannin Bagalam da Mokoyo ina yaron magini, kuma da idona na ga gonakin gero sun koma gidaje a unguwannin Zariya da Ali Ɗan Sofo. Kullum ina jin ana ta muhawara a kan tsarin gari. Wasu na cewa a yanka sabbin filaye tunda haya ta yi tsada, wasu na cewa kwalta ce damuwarmu. Duka suna da gaskiyarsu. Amma da wuya ka ji wanda ya tambayi inda ruwan sama zai bi idan an gama ginin.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, ruwa ne ya kafa Maraɗin da muke ciki yau. Tsohon gari yana can ƙasa ne a fadama, bakin Gulbi. Ambaliyar 1945 ta cinye shi, Turawan Faransa suka maido da mutane bisa tudu, suka ja tituna masu faɗi a miƙe suna gitta juna kamar gidajen dara. Kakata ta wajen uwa tana cikin waɗanda suka hauro da tukwane a ka, kuma har ta koma ga Allah ba ta yarda a kwana a ɗakin ƙasa idan hadari ya haɗo daga gabas ba tare da an bar ƙofa a buɗe ba. Mu jikokinsu mun gaji tudun, mun manta dalilin hawansa.

A ƙidayar 2012 mutanen birnin nan sun haura 267,000, kuma kowa ya san tun daga lokacin gari bai daina buɗewa ba. Ga abin da nake so masu yanke shawara su gane, don ba sai an je makarantar injiniyoyi ba. Ƙasarmu jigawa ce. Lokacin da wuri yake gona, ruwa na sauka yashi ya shanye shi nan take. Da zarar an rufe wurin da kwano, an shafe tsakar gida da siminti, kowane indararo sai ya juya bakinsa titi. Gida ɗari, indararo ɗari biyu ko fiye, duk a layi guda. Titin da ba shi da magudana ya zama korama ke nan. Ruwan ya kwashi yashi ya gangara wajen Gulbi, yana tafe yana ƙara ƙarfi, yau ya ci taku ɗaya gobe ya ci biyu, kafin damina uku an samu kwazazzabon da zai haɗiye amalanke da jakinta. Wanda ya gina a sama bai ma san abin da ya aika ba. Tsofaffin unguwannin da ke gangare, masu gidajen ƙasa, su ne ke karɓar saƙon da tsakar dare.

Shekara uku da suka wuce wani tela ya kira ni in aza masa harsashi a filin da ya saya a bayan gari. Ya fito da takardar filin daga cikin leda, ya ninke ta kamar laya, yana nuna mini turakun siminti huɗu yana murna. Ni kuwa ƙasa nake kallo. Yashin wurin a kwance yake lumui, mai laushi, da 'yan layuka irin waɗanda ruwa ke bari. A jikin wata sabara da ke tsakiyar filin akwai ledoji da karan dawa sun maƙale daidai gwiwata, duka sun karkata gefe ɗaya. Na ce masa maigida, wannan wuri hanyar ruwa ce. Ya yi shiru, sannan ya gaya mini shekara bakwai yana tara kuɗin nan a bakin keken ɗinki, mai gidan hayarsa kuma ya ba shi wa'adi. Muka ɗaga harsashi da jeri uku na bulo fiye da yadda aka saba, abin da ya cinye kuɗin ƙofofinsa. Ɗakunan sun tsaya, alhamdu lillahi. Amma damina ta biyu ta tafi da katangar gabas, masai ya cika ya tumbatsa cikin gida, matarsa da yara suka yi sati biyu a gidan surukai. Wanda ya sayar masa da filin ya san wurin sarai, don ya fi ni sanin dajin.

Kowa a garin nan yana tune da ruwan ƙarshen watan Agusta na 2024, wanda ya yi sanadin rasuwar mutum aƙalla 15. Allah ya jiƙansu da rahama. Ruwa na Allah ne, ba mai musu. Amma wanda ya kafa turaku a bakin korama ya karɓi kuɗin talaka, mutum ne.

Ba zan ce ba a yi komai ba. Aikin gyaran gari na Maraɗi Kwalliya, wanda aka yi don bikin ranar Jamhuriya na 18 ga Disamba na 2015, ya bar mana tituna da fitilu da muke amfana da su har yau. Kuma mu ma muna da namu laifin, mu magina a sahun gaba. Mu ne ke sa a juye yashi da tsakuwa a kan titi, mu kwaɓa siminti a bakin magudana, mu tashi mu bar sauran ruwa ya kwashe ya toshe ta. Mu ne ke gina wa mai shago dakali a kan hanyar ruwa saboda ya biya. Matan gida su zuba shara a ciki, masu ɗibar yashi su yashe gindin korama su ƙara mata zurfi. Wannan ina faɗa wa yarana a wurin aiki, kuma na daina karɓar irin wannan kwangila ko da aljihuna babu ko dala.

Roƙona ga hukumomin birni shi ne a juya tsarin. Kafin a kafa turke ko ɗaya a sabon wuri, a zo da damina a ga inda ruwa ke bi, a tambayi manoman da suka gaji gonakin, don sun san kowane kwari da sunansa. A ware hanyar ruwan a dasa mata itatuwa, a haramta sayar da ita ga kowa komai girman rawaninsa. Daga kuɗin da aka samu na sayar da filayen a fara gina babbar magudana, ko da sauran aikin zai jira. Sannan a dubi kangayen da ke cikin gari, waɗanda masu hali suka kewaye suka kulle shekara da shekaru suna jiran farashi ya hau. Su ne ke tura irin telan nan can nesa, inda adaidaita ba ta shiga da damina, ɗan kabu-kabu kuma sai ya ninka kuɗi. Leburan da ke yi mini aiki wani lokaci kashi mai tsoka na abin da ya samu a yini a hanya yake ƙarewa.

Ga kuma maganar jirgin ƙasa. Tun da aka aza harsashin layin dogon Kano zuwa Maraɗi ta Katsina da Jibiya a 2021, dillalai ke yawo da zancensa a baki, suna sa mutane sayen filayen da ba su taɓa takawa da damina ba. Idan ba a riga su tsara wuraren ba, abin da ya faru a sauran unguwanni shi zai sake faruwa, da kuɗi masu yawa kuma.

Malam Edita, idan za ku turo wakilinku, ya zo washegarin ruwan farko mai ƙarfi, da sassafe kafin ƙafa ta tattake sawun ruwa. Zan ajiye aikina in ɗauke shi a babur, mu fara daga gidan telan nan mu bi koramar har inda ta faɗa Gulbi.

Wassalam.

Naku,
Wani magini daga unguwar Zariya, Maraɗi