Godiya ga Ma'aikatan Sashen Haƙori na Babban Asibitin Yankinmu

Assalamu alaikum.

Ni manomi ne, ɗan tireda kuma, a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Taura ta Jihar Jigawa. Na ga ya dace in gode muku a bainar jama'a, musamman malamar asibitin da ke taya likita aiki.

Kafin mu zo gare ku babu irin wahalar da ba mu sha ba. 'Yata mai shekara 8 ta yi ta kwana kuka saboda turmin haƙorinta na ƙasa. Kakarta ta cusa mata kanumfari a kogon, ya lafa, kafin asuba ya dawo. Mai kemis ya ƙulla mana ƙwayoyi kala-kala a leda, ba suna ba bayani. Ranar kasuwa wani mai magani ya turara mata hayaƙi a baki, ya nuna mana wasu fararen abubuwa cikin ruwan kwano, wai tsutsotsin da ke cin haƙorin ne, ya karɓe kuɗinsa. Maƙwabta na cewa a ƙyale shi, ai na nono ne, zai faɗi da kansa. Har da mai ba da shawarar a ɗiga ruwan batir!

Na shigo ina jiran tsawar da muka saba sha, sai Hajiya, malamar asibitin, ta ce, "Malam, zauna mana, matso ka gani da idonka." Ta sa ɗan madubi a bakin yarinyar ta nuna mini. Ashe ba na nono ba ne. Haƙoran nono 20 ne, na manya 32, kuma turmin farko na dindindin yana fitowa ne wajen shekara 6, can bayan na nonon, ba tare da wani ya faɗi ya ba shi wuri ba. Shi ya sa iyaye ba sa lura. In an rasa shi, babu wani da zai tsiro. Allah ya sa ramin bai kai ga jijiya ba, likita ya share shi ya yi ciko.

Ganin fuska a sake, sai na kwance mata jakar tambayoyi, har da saƙon uwar yara. Tsutsa fa? Ta ce babu wata tsutsa. Ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani, suna cin sukarin da ya maƙale a baki, suna fitar da tsami mai zaizaye haƙori. Yawan maimaita alewa da lemon kwalba a wuni ya fi yin ɓarna a kan a sha lokaci ɗaya tare da abinci. Asuwaki bai yi laifi ba, a ci gaba, amma a haɗa da buroshi da man goge baki mai fulorayid (sinadarin da ke ƙarfafa haƙori) safe da dare, na daren ya fi muhimmanci. Cire haƙorin sama ba ya makantar da ido. Zawo da zazzaɓi mai zafi ga jariri kuwa, kada a ce "haƙori ne" a zauna, a kai shi asibiti. Ko sau ɗaya ba ta yi mini kallon baƙauye ba.

Wannan fa shi ne abin da ba ma samu a wasu wurare. Ka hau acaɓa tun da duku-duku, ka yanki kati, ka yini a benci, in ka buɗe baki za ka yi tambaya a ce maka kai ne likitan ko su. Ƙananan asibitocin ƙauyukanmu kuma babu mai duba haƙori, sai kumatu ya kumbura a ce ka nufi Kano, asibitin Malam Aminu, da kuɗin mota da na kwana. To ina laifin talaka in ya koma wurin mai hayaƙi? Ko ranar awo da rigakafi a riƙa yi wa mata wannan bayani mana, tunda dama sun taru.

Allah ya saka muku da alheri, ya raya muku zuri'a.

Naku,
Wani mahaifi daga Taura