Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Daniel Ek, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Spotify, manhajar sauraron waƙa

Yallaɓai,

Gaisuwa da fatan alheri. Ba zan ci maka lokaci ba, maganar dokar nan ta sau 1,000 ce ta kawo ni, kuma ka fi ni saninta.

Tun watan Afrilun 2024, duk waƙar da ba a saurara sau 1,000 cikin watanni 12 da suka gabata ba, Spotify ba ya biyan ko sisi a kan rikodin ɗinta. Waƙar tana nan a manhajarka. Mai biyan kuɗin wata yana jin ta, mai jin kyauta ana cusa masa talla kafinta da bayanta. Kason wanda ya rera ta ne kawai ake ɗebewa a raba wa waɗanda suka haye wannan katanga. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na karanta hujjarku. Kun ce irin waɗannan waƙoƙi abin da suke samu a matsakaici senti 3 ne na dala a wata, kuma ba ya ma isa hannun mawaƙi, don dillalan da ke loda waƙa suna da ƙa'idar abin da za a tara kafin a cira, bankuna kuma suna yankar nasu. A cikin wannan sanarwa kuma kuka ce in an haɗa su sun kai dala miliyan 40 a shekara. To wanne za mu kama? Kuɗin da ya yi kaɗan a miƙa wa mai shi, ashe bai yi kaɗan a ƙara wa wanda ya fi shi ba? Na yarda ba aljihun kamfani suke shiga ba. Wanda aka karɓe wa nasa dai ba ruwansa da aljihun da aka zuba.

Ka dubi wanda abin ya fi faɗa wa. Mawaƙiyar gargajiya ce, ita da jitarta, ba kamfanin waƙa a bayanta, ba mai yi mata talla. Ta yi shekara biyu tana haɗa kundi mai waƙoƙi 10, ta biya situdiyo da makaɗa daga guminta, ta fitar ranar Juma'a kamar kowa, a kasuwar da ake zuba sababbin waƙoƙi kusan 100,000 kullum. A ce kowace waƙa an saurare ta sau 900. Sau 9,000 ke nan aka ji muryarta, kuma ba ta da komai. Wani ya fitar da waƙa ɗaya tak aka ji sau 9,000, shi an biya shi. Irin waƙar tata ba ta tashe dare ɗaya, baki da baki take yaɗuwa, mutum ya ji ya tura wa abokinsa. Haka ma yaron da ke haɗa waƙar zamani a ɗakin kwanansa. Shekarar farko ita ce suka fi buƙatar alamar cewa wani na ji, ko da ta senti ce, ita ce kuma kuka share.

Ba ni na ce Spotify zai ba mawaƙa miliyan ɗaya damar cin abinci da fasaharsu ba. Kai ka faɗa, a 2018, shekarar da kamfanin ya shiga kasuwar hannun jari ta New York. A 2020 kuma ka yi musu nasiha cewa fitar da waƙa sau ɗaya a shekara uku ko huɗu ba zai wadatar ba. Sun ji, sun bi, sun yawaita fitarwa. Masu sauraronsu ƴan kaɗan suka rarrabu a kan waƙoƙi da yawa, sai ga doka tana ƙirga kowace waƙa ita kaɗai. Madalla da wannan nasiha. Da ka rubuta a 2024 cewa kuɗin ƙirƙirar abin da ake lodawa ya kusa zama sifili, na so a ce ka tambayi mai biyan haya da kuɗin situdiyo tukuna.

Akwai sauran. Discovery Mode, inda mawaƙi ke sallama kashi 30 cikin 100 na kason sauraren da ya samu ta wannan tsari don manhaja ta riƙa tura waƙarsa. Da tarkacen waƙoƙin bogi, waɗanda ku da kanku kuka ce kun goge miliyan 75 cikin shekara guda. Waɗannan sai wani jiƙon.

Don Allah, Yallaɓai, ka ɗauki ɓarayi masu ƙara adadin saurare na bogi da na'urorinsu ka hukunta, ba wanda zai hana ka. Amma mawaƙi na gaske a ƙirga masa jimillar waƙoƙinsa gaba ɗaya, a ajiye masa kuɗinsa har su taru. Ku kuma bayyana adadin masu sauraro da kuke buƙata kafin waƙa ta cancanci biya, wanda kuka ɓoye. SoundCloud, wani dandalin sauraron waƙa, tun 2021 yake ba mawaƙa masu zaman kansu kason kuɗin wanda ya saurare su kai tsaye. Kamfanin da ya biya masana'antar waƙa dala biliyan 10 a 2024 ba zai gaza riƙe wa mai jita senti 3 ɗinta ba.

Naka,
wani mai sauraro